Kurege Ya Shigo Zauren Ofis

Zuwa ga ƙanena Kurege,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata karatu bai ƙarasa cinye ɗan naman da ya rage a jikinka ba. Mu nan lafiya lau, sai dai Inna da ƙafa ta matsa mata, amma tana takawa. Na leƙa Goggo, mahaifiyarka, na tarar da ita tana goge hotonka na bango. Ta ce in gaya maka ka riƙa cin abinci.

Na san za ka yi mamakin wasiƙata, tunda rabonmu da magana tun kafin ka tafi. Zumuncin namu ma sai an zauna an warware shi, kakata da kakarka ne 'yan ɗaki ɗaya. Amma ni na goye ka kana majina, saboda haka ina da ikon in dame ka.

Ga abin da ya kawo ni. Ka san ina aiki a kamfanin kai kaya, inda masu babur ke ɗaukar saƙo daga shaguna zuwa gidaje. Duk injinan da manhajarmu ke zaune a kansu haya muke yi a wurin wani kamfanin intanet, abin da ake kira gajimare, ni ce kuma mai tsaronsu. Idan wani inji ya tsaya, ko rumbun bayanai ya kusa cika, gajimaren yakan aiko da imel, kuma ba mai karanta imel ɗin sai ni. Sai in tashi in bi mutane tebur tebur ina sanar da su. Shekara da shekaru ina wannan zirga-zirga. Teburina yana bayan ƙofa, kusa da firinta, duk wanda ya shigo sai ya bugi kujerata kafin ya ce sannu, idan ma ya ce.

To yanzu Manaja ya ce zai naɗa shugaban sashenmu kafin shekara ta fita. Ba zan ɓoye maka ba, ina son kujerar nan, son da har kunyarsa nake ji. Ina neman abin da zan yi ya ɗago kai ya san ina ofishin. Na ji an ce akwai hanyar da gajimare zai riƙa jefa sanarwa kai tsaye cikin zauren hirarmu na ofis, wanda kowa ke gani a wayarsa. Webhuk suke kiran abin. Na karanta bayaninsa har idona ya yi ja, na fito kamar yadda na shiga. Goggo ta ce irin karatunka ke nan. Don Allah ka koya min da maganar mutane, ba ta littafi ba.

Taka,
Yaya

Zuwa ga Yayata,

Na amsa sallama, na kuma yi murna ƙwarai. Allah ya ba Inna sauƙi. Ina lafiya, ina kuma cin abinci, a gaya wa Mama haka ko da ba ta yarda ba. Ɗakina ɗan tsukut ne, tagarsa bangon maƙwabta take kallo, abokan zamana buta da kwamfuta. Wasiƙarki ce ta farko da ta zo min ba daga makaranta ba cikin watanni.

Abin ba shi da wuya. Ki shiga saitin manhajar hirar, ki ce kina son buɗe ƙofar shigowar saƙo a zaurenku. Za ta ba ki wani dogon adireshi mai haruffa barkatai. Shi ne webhuk ɗin. Duk wanda ya jefa saƙo a wannan adireshi, saƙon zai bayyana a zauren ba tare da an tambaye shi ko shi wane ne ba, don haka ki riƙe shi kamar makullin gida.

Daga nan sai ki koma gajimare ki gaya masa cewa idan abu kaza ya faru, ya aika labari. Matsalar ita ce gajimare yana magana da dogon surutu wanda manhajar hira ba ta ganewa. Shi ya sa na rubuta miki ɗan shiri da zai tsaya a tsakani, ya karɓi surutun, ya taƙaita shi zuwa layi ɗaya da mutum zai karanta, sannan ya miƙa. Na haɗo shi da wasiƙar nan. Wuri biyu za ki sa adireshin. Na farko na ƙananan labarai ne, kamar an sabunta manhaja ko inji ya tashi. Na biyu na rumbun bayanai ne, shi kaɗai, saboda shi ne wanda idan ya yi kuka ba a wasa. Ki turo min adireshin in gwada daga nan kafin ki nuna wa kowa.

Yaya, kin san kina ba ni sha'awa? Ke injinanki na gaske ne, idan sun tsaya akwai mutum a kan babur da zai tsaya. Ni duk abin da na rubuta malamina ne kawai ke gani, ya zane shi da jan biro, ya dawo min da shi. Allah ya ba ki kujerar. Idan kin hau, ki tuna da wanda kika goya.

Ƙanenki,
Kurege

Ƙanena,

Gaisuwa da fatan alheri. Inna ta ji sauƙi har tana faɗa da mai wanki, ka ga lafiya ta samu.

Abu ya yi aiki. Sai dai ban san ko in gode maka ko in ja maka kunne ba. Ashe a cikin shirin da ka aiko akwai layin da ke faɗin sunan mai magana, kai kuma sunanka ka rubuta a wurin. Ni kuwa na kwafe komai yadda yake, don tsoron kada in taɓa wani abu ya lalace. Da safe ana zaune, wayoyin kowa suka yi ƙara tare. Saƙo ya fito a zaure: "Kurege: an sabunta manhaja, komai na tafiya daidai."

Ofis ya ɗauki dariya. Mai Gilashi, wanda ke rubuta mana manhaja, ya samo hoton kurege ya liƙa masa kafin in buɗe baki. Yanzu ba ka jin komai sai Kurege ya ce kaza, a tambayi Kurege, Kurege bai yi magana ba tukuna. Rannan inji ɗaya ya tsaya, saƙo ya fito, aka tashe shi nan take, mutane suka dinga jera masa alamar tafi. Ni da na yi shekaru ina kawo irin wannan labari da ƙafata, abin da nake samu shi ne tsaki, wai na katse musu tunani.

Manaja ya fito daga ofishinsa yana kallon waya yana murmushi, ya ce wannan Kuregen akwai kai. Na ce masa ni na haɗa abin. Ya ce sannu, idonsa na kan wayar. Sai ya tambaya wa ya rubuta shirin, ni kuma bakina ya riga tunanina, na ce wani ƙanena ne da ke karatu.

Na gwada canza sunan zuwa "Sanarwa". Ba a yi nisa ba Mai Gilashi ya rubuta a zaure wai wa ya kashe mana Kurege, sauran suka bi shi da alamar kuka, dole na mayar. Ka ga inda na tsinci kaina, mace da girmana ina kishi da hoton dabba. Kishi kuwa nake yi, ba wasa ba. Idan wayata ta yi ƙara na ga sunanka, sai haushi ya kama ni, alhali ni na buɗe maka ƙofar da hannuna.

Yayarka

Yaya,

Ina gaida ke da Inna. Na yi dariya har maƙwabcina ya buga bango. Ki yafe min, wallahi ba da gangan ba ne. Idan ina gwaji nakan sa sunana don in gane saƙona, sai na manta ban cire ba.

Amma ina roƙon alfarma. Ki ɗauko min hoton zauren, wurin da suke tafin nan. Ba a taɓa yi wa abin da na rubuta tafi ba, ina so in gani da idona. Kuma ki daina damun kanki, ai hutu ne ya zo miki. Aikin da kika yi shekaru kina yi da ƙafa, ga shi 'yan layuka kaɗan sun ɗauke miki shi.

Sai wata magana. Mama ta kira ni tana ta murna, wai Inna ta gaya mata Manajanku yana nemana. Gaskiya ne? Ban ga kin ambata ba. Kin san karatuna ya zo ƙarshe, na aika takardun neman aiki wurare da yawa, ko amsa ba su yi min. Mama kuma ita kaɗai ce a gidan nan, ranar da ta faɗi a banɗaki sai da maƙwabciya ta ji ta. Idan akwai wata 'yar ƙofa a wurinku, ko ta share tebur ce, ina so in dawo kusa da ita. Ki faɗa min yadda abin yake.

Kurege

Kurege,

Muna lafiya, ina fata kai ma haka.

Gaskiya ne, ya nemi adireshinka na imel. Na yi ta ce masa zan kawo, ban kai ba. Kuskurena da na faɗa wa Inna, na manta duk abin da ya shiga kunnenta da safe yana gidan Goggo kafin rana ta yi tsaka. Yau na ba shi. Ba share tebur yake so ka yi ba. Mai Gilashi ya ce ya ji shi yana cewa sashen nan sabon jini yake buƙata, mai tunani irin na Kurege. Kujerar da na rubuto maka a kanta, ita yake auna ka da ita.

Na gode da ka auna min shekaruna ka ga ba su wuce 'yan layuka ba. Ban san haka ƙafata take da araha ba sai da ka faɗa. Ga hoton tafin da ka nema, na haɗo maka. Ka duba da kyau, ko za ka ga sunana a ciki.

Yaya

Kurege,

Gaisuwa, idan har yanzu ana karɓar gaisuwar irina. Goggo na lafiya, na kai mata magani, tana ta tambayata yaushe za ka fara aikin.

Makonni ke nan ban ji daga gare ka ba. Da farko na ce karatu ne. Daga baya na ga Manaja ya rufe ƙofa yana magana da kwamfuta, na ji muryarka tana fitowa ta ƙasan ƙofar, har da dariya. Na tsaya a wurin firinta ina buga takardar da ba na buƙata. Ashe kana da lokaci, ni ce dai ba ni cikin lissafin.

Duk wannan na haɗiye. Sai jiya da hantsi, wayoyi suka yi ƙara, saƙo ya fito a zaure: "Kurege: sannunku da aiki, mutanen kirki. Yau ba abin da ya lalace, gaishe ku kawai nake yi." Na duba gajimare, ba shi ya aiko ba. Kai ne, da adireshin da na ba ka don gwaji. Ka shigo ofishina, ka gaida kowa, ka wuce ni ina bayan ƙofa. Suka dinga ba ka amsa, har mai shara aka nuna wa. Manaja ya rubuta: "Muna jiranka." Na karanta wannan layin ban san sau nawa ba.

Kai ka ce in riƙe adireshin kamar makullin gida. To na bi maganarka. Na soke tsohon, na karɓi sabo, na sa shi a gajimare, kuma wannan karon ba wanda zan ba. Sanarwa na shigowa yadda ta saba, da sunanka da hotonka, amma kai ba ka da ƙofa. Idan kana son gaida mutanen kirki, ka bari sai an ba ka kujerar, ka gaishe su baki da baki.

Yaya

Yayata,

Ina gaida ke, kuma ina neman afuwa tun kafin in fara. Zazzaɓi ne ya kwantar da ni, ga kare kundin karatuna ya zo a tsakiyarsa. Ban gaya wa Mama ba don kada ta tayar da hankali. Yanzu na miƙe, na kuma tsallake.

Wasiƙarki mai maganar ƙafa ta zo ina kwance. Na fara amsa ta ban san iyaka ba ina gogewa, domin ban san yadda zan ce miki ba haka nake nufi ba. Hutu na so miki, ban raina ki ba. Gaisuwar zauren kuwa, ba na kare kaina, ban kyauta ba. Na kwana biyu ba wanda ya ƙwanƙwasa min ƙofa, sai na tuna akwai wani ɗaki a duniya da idan na yi magana za a amsa. Layi ɗaya ne, ban ko tashi zaune ba na tura shi. Taki wasiƙar ita ce mai nauyi, shi ya sa ta jira.

Kina kishi da ni, Yaya, ni kuma na daɗe ina kishi da ke. Ke ce kike kai wa mahaifiyata magani. Ke ake nema idan abu ya ɓaci, ko da tsaki ne. Ni sunana ne kawai ke yawo a wurinku, mai sunan yana nan yana dafa ruwan zafi shi kaɗai.

Na yi magana da Manaja, gaskiya ne. Na ce masa akwai wadda ta san injinan nan fiye da kowa, ya ce ya sani, zai duba. Ba zan yi miki ƙarya in ce ba na so ba. Ina so, saboda Mama. Amma na yi niyyar idan ya ba ni, in roƙe shi a raba aikin.

Kin yi daidai da kika canza adireshin. Abu ɗaya kawai, ki tabbata kin sa sabon a wuri biyun nan. Idan kika sa a na ƙananan labarai kika manta na rumbu, saƙo zai ci gaba da shigowa, kowa zai ɗauka lafiya, alhali rumbun yana kuka a ƙofar da aka toshe. Ki duba yau ɗin nan.

Kurege

Ƙanena,

Ina fata jikin ya warware sarai. Inna da Goggo suna lafiya. Ni ce dai ban san yadda nake ba.

Wasiƙarka ta zo, na ga sunanka, na ƙi buɗewa. Na ce kai ma ka ɗanɗani shiru. Ta zauna a akwatin imel ɗina har abin da za ka ji ya faru.

Ranar da shaguna suka yi rangwame, oda ta yi ta shigowa kamar ruwan sama. Da rana tsaka manhaja ta ƙame. Masu babur suka cika harabar ofis da kaya ɗaure a baya, ba wanda ya san gidan da zai kai. Wayar sashen kwastoma ta ƙi yin shiru. Mai Gilashi yana ta duba zaure yana cewa ai Kurege bai ce komai ba, to ba daga injina ba ne. Ni kuwa tun kafin in zauna na yi zargin inda matsalar take. Na buɗe tsohon imel ɗin gajimare da na daina dubawa, na tarar da gargaɗi jere, kwana da kwanaki, rumbu na cika. Ashe a wuri ɗaya na sa sabon adireshin, na manta na rumbu.

Na ƙara wa rumbun wuri, na tashi injinan ɗaya bayan ɗaya yadda na saba yi da hannu, masu babur suka watse. A cikin hayaniyar na liƙa adireshin a wuri na biyu, ba wanda ya gani.

Da yamma Manaja ya tara mu. Ransa a ɓace, shago biyu manya sun ce za su bar mu. Ya ce ya yi kuskure da ya dogara da abin da ɗalibi ya haɗa daga nesa, abin da ya iya gaisuwa amma ya yi barci ranar da ake buƙatarsa. Sannan ya juyo, ya dube ni sosai, karo na farko tun da na fara aiki a wurin. Ya ce: "Ke kika fitar da mu. Akwai abin da kika gani game da dalilin shirun?"

Kurege, bakina ya buɗe. Saura kaɗan in faɗi gaskiya. Sai na ga kowa ni yake kallo, Mai Gilashi har da gyaɗa kai, irin kallon da na yi shekaru ina nema. Na ce: "Ina kan bincike."

Washegari aka ba ni kujerar. An ɗauke teburina daga bayan ƙofa, an kai shi bakin taga. Bayan an gama yi min murna ne na buɗe wasiƙarka, na karanta har layin ƙarshe. Ban rubuto don ka ce ba komai ba. Na rubuto ne don kada ka zauna kana binciken shirinka kana neman inda ka yi kuskure. Shirinka lafiyarsa lau.

Yaya

Yaya,

Na samu wasiƙarki. Ina lafiya. A gaida Inna.

Wasiƙar Manaja ta riga taki zuwa. Gajera ce, ya ce sun canza shawara, ya kuma ba ni shawarar in riƙa gwada aikina kafin in miƙa wa mutane. Kafin taki ta iso na riga na bi shirin layi layi har na fara zargin kaina, don haka na gode da kika sauke min wannan.

Mama ta sa an share ɗakina, an canza labule. Na ce mata aikin ne bai dace da ni ba. Kada ki gaya wa Inna komai, kin san inda zai ƙare. Akwai wani shagon gyaran kwamfuta a nan da ya ce in zo, zan fara da shi.

Ga gyara ɗaya, don masu babur ba su yi wa kowa laifi ba. Ki sa kowane ɗaya daga wuraren biyu ya riƙa turo saƙo kowace safiya, ko da ba abin da ya faru, ya ce yana nan lafiya. Ranar da saƙon bai zo ba, kin san ƙofa ta toshe. Na haɗo yadda ake yi. Na cire sunana.

Tambaya ɗaya gare ni. Za ki faɗa masa?

Kurege

Ƙanena Kurege,

Ina gaida kai, ina kuma fata shagon yana yi da kai. Wannan ce wasiƙa ta nawa ban sani ba tun bayan taka, ba kuma na ƙorafi. Goggo na lafiya. Ta rufe ɗakin naka don ƙura, amma takan buɗe ta share. Ina zuwa wurinta fiye da da, har ta ce ni ce ɗan da ya rage mata, na rasa inda zan sa idona.

Ka yi min tambaya, na yi ta kewaye ta a wasiƙun baya. Yau ga amsa. Ban faɗa masa ba. Na je ƙofarsa ya fi a ƙirga, da maganar a shirye, sai ya ɗago ya ce shugaba, shigo mana, in ji kaina ina maganar wani abu dabam. Kujerar tana da daɗi, Kurege. Ana sallama kafin a iso teburina. Idan na yi magana ana rubutawa. Na so a ce ba ta da daɗi, da abin ya zo min da sauƙi. Har yanzu idan Mai Gilashi ya ce yana kewar Kurege, sai tsohon kishin nan ya motsa min, ni da na riga na karɓe komai.

Na yi gyaran da ka ce. Manaja ya sa an cire hoton, sunan ya koma "Sanarwa", ba wanda ke yi mata tafi. Sai dai akwai abin da na yi wanda ba kowa ya sani ba. Na buɗe wani ɗan zaure, ni kaɗai ce a ciki, na ba shi nasa adireshin, na sa saƙon safiya ya riƙa zuwa can ma. A can na mayar da sunanka.

Kowace safiya kafin in ajiye jakata wayar takan yi ƙara. Kurege ya ce yana nan lafiya. Na san ni na rubuta masa kalmomin, na san inji ne ke turowa. Duk da haka sai na amsa masa, sannan in fara aiki.

Yayarka